Manyan Baƙin Mahfuzu a Shingen Duwan

A unguwar Pumpumre ta garin Garwa, in ka tambayi gidan su Mahfuzu za a ce maka wanne, amma in ka ce gidan su "Mu-a-Waje" har kajin unguwa sai su nuna maka ƙofa. Kakansa Bakano ne, da jakuna ya shigo ƙasar nan yana fataucin goro da kanwa. Ubansa ya gaji fataucin ya ƙara da shanu. Shi kuwa Mahfuzu, duk gadon nasa a baki ya tsaya. Sau ɗaya ya taɓa raka motar shanu Duwala, ya hango teku daga saman bodi, tun daga ranar ya zama mutumin ƙasar waje. In an miƙa masa shayi sai ya ce, "Mu a waje ba ma zuba sukari haka." In ya yi tuntuɓe ma, titin ne ba irin na waje ba.

Wata shekara sai ya tashi da cewa zai buɗe kantin tufafi wanda arewacin Kamaru ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ya kama wani ɗaki a bakin titi, ya shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, ya sa aka rubuta "Mahfuzu Entanasyonal" da manyan baƙaƙe har rubutun ya ci rabin bangon maƙwabcinsa. Ya ce a waje ba a rataye riga a ƙusa kamar tsokar mahauci, mutum-mutumi ake sa wa ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran ciniki. Ya sayar da babur ɗinsa, ya yi odar guda uku daga ƙasar Sin ta waya. Jirgin ruwa ya sauke su a Legas, mota ta kawo su Yola wurin wani ɗan'uwansu, saura kawai a tsallako da su gida.

Ya je ya sami Bilya, sa'ansa, direban da ke jigila tsakanin Garwa da Yola da wata tsohuwar mota wadda da igiya ake ɗaure ƙofarta ta baya. Bilya na kwance ƙarƙashin motar yana ɗaure salansa da waya, ya saurari bayanin duka, sannan ya leƙo.

"Ka tanadi na duwan?"

Duwan su ne kwastan a bakin mutanen Garwa. Mahfuzu ya yatsine fuska kamar an ambaci wani dangin da ba ya shiri da shi.

"Wane duwan kuma?"

"Duk abin da ya tsallako teku sai an bayyana shi, su yi masa kuɗi, ka biya. Ko allura ce."

"Kai da kullum kake cika mota da fasinja, nawa kake biya wa kowane kai?"

"Fasinja ai mutum ne. Ba a biya wa mutum duwan."

"Sake faɗa in ji."

"Na ce ba a biya wa mutum duwan."

Mahfuzu ya tsuguna, ya sassauta murya. "To su nawa kayan, me ake ce musu? Mutum-mutumi. Mutum har sau biyu. Riga za mu sa musu, su zauna a kujerar baya kamar kowa, mu wuce ana sara mana."

Bilya ya ce shi dai yana da iyali, ba ya neman kwanan gidan yari. Mahfuzu ya ce zai biya kuɗin kujera uku cif, da na gaba, da na mai. Bilya ya tuna tayarsa ta baya da ta suɗe kamar tafin hannu, ya ce, "Amma ka rufe bakinka. Kada kowa ya ji."

Rufe baki kuwa shi ne abu ɗaya da Allah bai hore wa Mahfuzu ba. Da yamma a teburin mai shayi ya zauna yana karkaɗa ƙafa, yana duba agogo, har aka gaji aka tambaye shi lafiya. Ya ce ba komai, wasu baƙi ne zai ɗauko daga ƙasar waje. Aka ce su waye? Ya ce manya ne, ba a faɗar sunansu a teburin shayi. Aka matsa, sai ya ga idanu sun dawo kansa, daɗi ya kwashe shi. Nan take ya raɗa musu suna: Shehi Hisham mai jiragen ruwa, Shehi Abdelkerim mai rijiyar man fetur, da Alhaji Yusufu wanda shi kansa bai san iyakar dukiyarsa ba.

Kafin gari ya waye labarin ya zaga Pumpumre ya ƙara ƙiba. Da sassafe Goggo Kaltumi, ƙanwar ubansa wadda ta raine shi, ta faɗo masa ɗaki ko sallama ba ta gama ba.

"Mahfuzu, a bakin 'yan talla zan ji kana da baƙi? Me suke ci?"

"Goggo, ba su da ci."

"Ba baƙon da zai shigo zuri'armu ya kwana da yunwa. Suna cin yaji?"

"Ba su taɓa cewa ba sa ci ba."

Tana fita sai ga saƙon Jauro, mai unguwa, wani dattijo mai son jawabi. Ya ce in baƙin sun huta a nuna musu kwatar bayan masallaci da famfon da ya shekara ba ruwa. Mahfuzu ya aika masa cewa ya kwantar da hankalinsa, irin waɗannan mutane in suka tsaya a wuri ba sa motsawa sai an ga abin da ya kawo su.

A Yola aka fara samun matsala tun daga kwalin farko. Baƙin a tsaye aka ƙera su, ƙiƙam, gwiwarsu ba ta san lanƙwasa ba. Aka cusa na farko a mota, kansa ya fita ta wannan taga, ƙafafunsa ta waccan. Aka gwada shi a karkace, ya zungure Bilya a ƙeya. Suna ta haki, sai Bilya ya murɗa shi da haushi, kawai ya ji ya rabu biyu daga ƙugu.

"Ka kashe mini jari!" in ji Mahfuzu.

"Ban kashe ba, noti ne. Haka aka yi su."

Mahfuzu ya duba, ya gyara hula. "Na sani. Gwada ka nake yi."

Aka kwance su duka. Ƙafafu shida aka jera a but aka rufe da tabarma, gangar jiki uku aka ɗora kan buhunan garin rogo a kujerar baya don su yi tsawo.

Na farko kyakkyawa ne, dogon hanci, idanu kamar na mage, hannunsa na dama a miƙe kamar mai neman a gaisa. Wannan ya zama Shehi Hisham, aka ba shi bakin taga. Na biyu da aka warware takardarsa sai aka ga ba fuska, ba ido ba hanci ba baki, sumul kamar ƙwan jimina. Mahfuzu ya ce yayin waje ke nan. Aka naɗa masa rawani aka ja amawali har sama, aka kawo baƙin tabarau, sai ba kunnen da zai riƙe. Bilya ya tauna cingam aka manna. Shehi Abdelkerim ke nan.

Na uku kuwa mace ce. Jan baki, gashin ido zara-zara, ga kuma abin da ba ya ɓoyuwa.

"Maza uku na ce musu," in ji Mahfuzu.

"Da wane yare ka faɗa?"

Ba lokacin musu. Suka shiga kasuwa Mahfuzu ya sayo manyan riguna uku na shadda, sababbi fil, ya zuba wa Alhaji Yusufu mafi faɗi, ya shafa masa gemu da bakin man takalmi, ya kifa masa hula har gira, aka sa shi a tsakiya. Ya ja da baya ya ƙare musu kallo, ya ce ko uwarsu ba za ta gane su ba.

Don kauce wa ofishin kan iyaka, Bilya ya bi wani burtalin shanu da ya sani. Hanya ce da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya bi ta. Mota na faɗawa rami baƙi na karo da juna, ƙwal, ƙwal. Can Bilya ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya taka birki da ƙarfi har Mahfuzu ya sumbaci gilashi.

"Mahfuzu, baƙonka ya juya mana ƙeya. Ƙirjinsa na gaba, fuskarsa na baya."

"Yana kallon ƙasar da ya baro ne. Ja mu tafi."

"Wallahi ba na tuƙi da wannan abu a bayana."

Dole Mahfuzu ya fita ya murɗo wuyan Shehi Hisham, wani makiyayi da ke gefen hanya ya ga abin da ake yi, ya saki sandarsa ya bi shanunsa da gudu.

Gaba kaɗan suka iske 'yan banga na wani ƙauye sun gitta igiya. Bilya ya taka birki. Babbansu ya zagayo, ya ga manyan riguna da rawani, ga hannu a miƙe ta taga, sai ya cire hula ya durƙusa. Mahfuzu ya ce a yi a hankali, Shehi na cikin wuridi, ba ya magana da kowa. Mutumin ya ciro farin goro ya ɗora a tafin Shehi Hisham, ya ce a sa su a addu'a, matarsa na da tsohon ciki. Aka sauke igiya har da rakiya.

Mahfuzu ya miƙa hannu baya ya ɗauke goron ya ɓantara. "Ka gani? Kai tuƙi ka iya, ni kuwa duniya na iya." Ya zaro waya ya kira Goggo, don dai a ji muryarsa yana cikin nasara. Ya ce mata sun kusa, ta hanyar Gashiga za su shigo, baƙi na gaishe ta.

Wannan waya ita ta gama da shi. Shirinsa shi ne su wuce shingen duwan na bakin gari shiru, a shiga da baƙi ta ƙofar baya, gobe ya ce aiki ya taso musu sun koma da asuba, sun bar masa kyautar mutum-mutumi. Amma da suka hango shingen, sai suka hango abin da ya fi shingen. Rabin Pumpumre ne a bakin hanya. 'Yan babur sun jeru suna ta hon, makaɗa biyu da kalangu, mata da kwanuka a kai, Jauro a gaba da sandarsa an riƙa masa lema, Goggo Kaltumi na rungume da ƙwaryar fura tana guɗa.

Bilya ya ce, "Ni zan juya."

"Juya ina? Ka daure fuska. Yawan jama'a ma rufin asiri ne."

Wani ma'aikacin duwan dogo, Léandre sunansa, ya ɗaga hannu suka tsaya. Ya leƙo ya yi tambaya da Faransanci, ko akwai abin da za a bayyana.

"Riyan, shef," in ji Mahfuzu da nasa Faransancin. "Ba kaya, sai mutane. Mutum kuwa ba a biya masa, ko doka ta canza?"

"Ba ta canza ba. Fasfo ɗinsu."

Mahfuzu bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya dubi Bilya, Bilya ya dubi sitiyari.

"Fasfo... yana cikin jirginsu."

"Ina jirgin?"

"Yana tafe."

Léandre ya juya ya kira shugabarsa. Madam Émilienne ta fito daga rumfa tana goge tabarau, mace kakkaura mai tafiyar ƙasaita. Ta yi aiki a Banyo, ta yi a Kusseri, Hausa da Fulatanci da Larabcin Cadi duk a bakinta suke.

"Sannu da hanya, Alhaji. Baƙin namu mutanen ina ne?"

"Larabawa ne, Madam. Ba sa jin Hausa, ba sa jin Faransanci."

"Madalla." Ta sunkuya ta taga, ta juya harshe zuwa Larabci. "Salam alekum. Intu afe?"

Shehi Hisham na kallon gabansa da idon mage.

"Af, na manta," in ji Mahfuzu. "Turkawa ne."

"Yanzu ka ce Larabawa."

"Larabawan Turkiyya. Nasu Larabcin daban ne, ta hanci ake yinsa."

"Ko sallama ba sa amsawa?"

"A zuci suke amsawa. Ya fi lada."

"Wannan na tsakiya, gemunsa ne ke zuba a kan riga?"

Zafin Garwa ya narkar da man takalmi, gemun Alhaji Yusufu ya gangaro har ƙirji. Mahfuzu ya ce rini ne, manyan waje duk suna rini, bai saba da ranarmu ba ne.

Kafin Madam ta sake magana jama'a sun ci ƙarfin shinge. Goggo Kaltumi ta kutsa ta ɗaya tagar da ludayi cike da fura, tana "Jabbama, jabbama, sannunku da zuwa," ta nufi bakin Shehi Abdelkerim. Ta laluba ta saman amawali, ta laluba ta ƙasa.

"Mahfuzu, ina bakin wannan bawan Allah?"

"Azumi yake, Goggo!"

"Yau Talata?"

"Ramuwa ce!"

Ta wannan gefen kuma Jauro ya riga ya fara jawabi. Ya yi maraba da sunan unguwa, ya kawo tarihin kwatar bayan masallaci tun daga zamanin ubansa, ya gangaro kan famfo. Da ya ga babban baƙo ya miƙo hannu tun ɗazu ba wanda ya karɓa, sai ya ji kunya ta kama shi a madadin Pumpumre duka. Ya miƙa sandarsa ga na kusa, ya kama hannun Shehi Hisham da hannu biyu, ya girgiza da iyakar ƙarfinsa na girmamawa.

Hannun ya biyo shi tun daga kafaɗa.

Kalangu ya tsaya. Jauro ya tsaya riƙe da hannu, yana dubansa, yana duban mai shi. Mai shi ko gezau.

"Kada kowa ya tsorata!" Mahfuzu ya fito daga mota yana ɗaga hannuwa. "Na roba ne. Hatsarin jirgi ya yi, likitocin waje suka sa masa. Yana cirewa in zai yi alwala."

"Allah sarki," in ji mata. "Ga kuɗi ga jarrabawa."

"Dubi haƙurinsa, ko uffan bai ce ba."

Jauro ya shiga ba da haƙuri yana ƙoƙarin mayar da hannun ta hannun riga, yana cusawa yana faɗowa. Mahfuzu ya fara jin kamar zai tsallake wannan ma. Har ya juya zai ce wa Madam a buɗe musu hanya baƙi sun gaji, sai ya ji ƙarar buɗe but.

Léandre ne ya zagaya baya, yadda aikinsa ya saba. Ya ɗaga tabarma. Ƙafafu shida farare, a jere, tafinsu na kallon sama.

Ihun da ya yi har tsuntsayen kan darbejiya sai da suka tashi. Wata mata ta leƙa ta yar da kwanon shinkafa. "Ya yanka su! Ya raba su biyu!" Wuri ya hargitse. Makaɗa suka zubar da kalangu suka ranta a na kare. Mai riƙe wa Jauro lema ya tafi da lemar. Jauro ya ga har yanzu hannun mutum ne a hannunsa, ya wurgar, hannun ya faɗa cikin ƙwaryar fura. Bilya kuwa ba wanda ya ga fitarsa, sai ganinsa aka yi a kan reshen darbejiya yana rantsuwa shi direba ne kawai, noti ɗaya kaɗai ya kwance.

Goggo Kaltumi ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni Kaltumi! Na raini ɗan yankan kai! Mahfuzu, me suka yi maka? Mutanen da ko magana ba sa yi!"

Wani ɗan babur garin gudu ya daki bayan motar. Ƙofar da ake ɗaurewa da igiya ta wangale, Shehi Abdelkerim ya kifo waje, kansa ya cire ya gangara kan kwalta, rawani na warwarewa a bayansa, har ya tsaya a gaban Jauro. Tabarau ya faɗi. Jauro ya sunkuya ya duba, ya ga fuska sumul.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Har fuskar ya goge."

Madam Émilienne kaɗai ba ta motsa ba. Ta tako, ta ɗauki kan, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta. Ƙwal, ƙwal, kamar tulun da ba ruwa. Ta ƙwanƙwasa kuma. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta cire tabarau, ta dafa mota, dariya ta ci ƙarfinta har hawaye.

"Ku dawo! Ku dawo, ba wanda ya mutu. Roba ce, irin ta kantin tufafi. Léandre, ajiye wayar nan, kada ka tara mana jandarmomi a banza."

Jama'a suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa na tura na gabansa. Madam ta ce tunda Alhaji ya ce mutane ne, to ya tashe su tsaye kowa ya gani. Mahfuzu ya durƙusa a tsakiyar titi yana haɗa baƙinsa, gumi na ɗiga ta haɓa. Ya ɗora Shehi Hisham kan ƙafafun da ba nasa ba, ya fito yana fuskantar Garwa ƙafafunsa na komawa Yola. Da aka zo kan Alhaji Yusufu, babbar rigar ta maƙale a ƙofa ta zame gaba ɗaya.

Sai wani daga baya ya ce, "Ashe Alhaji Yusufu Hajiya ce."

Goggo Kaltumi ta daina kuka nan take. Ta miƙe, ta cire mayafinta ta lulluɓe ta, ta juyo ta nuna Mahfuzu da ludayi. "Mara kunya. Tun daga Yola ka matse 'yar mutane tsakanin maza biyu?"

Dariyar da aka yi a wurin, har direbobin manyan motoci da ke layi suka sauko suna tambayar me aka samu.

Madam ta sa aka kawo mata kujera. Ta ce mutum-mutumi kaya ne, akwai harajinsu. Rigunan shadda sababbi ne, ko karin guga bai baje ba, su ma kaya ne. Tabarau kaya ne. Garin rogon da suka zauna a kai ma kaya ne. Sannan ga tarar ɓoye kaya, ga ta bin burtali.

"Da ka kawo su a kwalinsu ka ce ga abin da na sayo, abin da za ka biya bai kai kuɗin rigunan nan ba."

Mahfuzu ya share gumi, ya gyara tsayuwa. Ko a nan bakinsa bai mutu ba.

"Madam, a yi adalci. Kowa shaida ne rabi-rabi suka shigo ƙasar nan. Sai a yi mini rabin kuɗi."

"Ka kawo magana. Rabi nawa ne?"

"Shida."

"To Léandre, rubuta kaya shida."

"A'a, Madam! Uku ne! Cikakku!"

Ba shi da abin biya, babur ya riga ya tafi, sauran kuma shadda da Bilya sun cinye. Aka ce kaya za su zauna a hannun duwan har ranar da ya kawo. Jauro ya ce shi dai an riga an yanka rago, kuma baƙin da aka yanka wa ba su da baki, don haka a sauke tukwane a nan. A bakin shingen aka baje, 'yan unguwa da 'yan duwan da direbobi, aka ci aka sha, Bilya ya sauko daga bishiya da ya ji ƙamshi. Mahfuzu ne kaɗai aka hana nama. Goggo ta ce ya je ya ci tare da baƙinsa.

Ɗakin ajiyar shingen a cike yake, sai aka tsayar da su ukun a baranda suna kallon titi. Ba ƙusa a bangon, don haka Léandre ya riƙa rataya hularsa ta aiki a kan Shehi Hisham, wani ya yafa wa Shehi Abdelkerim rigar ruwa, Hajiya kuma aka bar ta da mayafin Goggo. Ba a jima ba direbobin da ba su san labari ba suka fara rage gudu tun daga nesa, suna ɗaga wa mai hular hannu. Wani baƙon ɗan kasuwa ma, an ce, ya tsaya gabansa ya bayyana kayansa kaf kafin a zo a janye shi.

Kantin ruwan ɗorawa ya zauna a rufe. Mahfuzu ya yi kwanaki ba ya fita sai ta bayan gida. Amma wata yamma sai ga shi a teburin mai shayi, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ana hirar wani Alhaji da aka tsare masa kwantena.

"Da ya zo wurina," in ji Mahfuzu. "Ni yanzu mutum uku gare ni a cikin duwan. Dare da rana suna bakin aiki."

Bilya ya ajiye kofinsa. "To ka ce su sa baki a sako maka kayanka mana."

Mahfuzu ya kurɓi shayi, ya dube shi da tausayi.

"Na yi musu maganar jiya. Ba wanda ya ce a'a."